Ranar Da Na Sa Suruki Ya Yi Mini Tafinta

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan labarin, don ban tabbata zan iya ba da shi ba tare da na wanke kaina ko na ɗora wa wani ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma inda na manta zan ce na manta.

A lokacin ban daɗe da gama jami'a da bautar ƙasa ba. Ilimin zamantakewar al'umma na karanta. Na dawo Dutse na kama ɗaki ɗaya a unguwar Yalwawa, kullum ina zagaya ofisoshi da takarduna a cikin ambulan. Ni mutum ne mai tsoron kuskure tun ina ƙarami. Idan an ba ni aiki sai na karanta umarnin sau uku, kuma idan an tambaye ni abu, da wuya in ce e ko a'a kai tsaye. Ana nan sai wani ɗan'uwana ya ji cewa wasu likitocin ido na neman matasa masu ilimi da za su shiga ƙauyuka da rugage su yi wani bincike. Na nema, aka ɗauke ni, aka yi mana horo na 'yan kwanaki.

Binciken kashi biyu ne. Na farko a auna ganin tsofaffi. Na biyu a yi musu tambayoyi a ji yadda raunin ganin ya taɓa rayuwarsu ta yau da kullum. Likitan da ke shugabantarmu, wanda duk muke kira Likita kawai, ya gaya mana tun ranar farko cewa bayan girbi wasu ƙwararru za su zo su yi wa masu yanar ido aiki kyauta, amma kwanakinsu kaɗan ne, gadajen ma kaɗan ne. Saboda haka za a jera sunaye: wanda idonsa ya fi lalacewa kuma rayuwarsa ta fi tsayawa, shi za a fara ɗauka. Sauran su jira zagaye na gaba. Wato takardar da ke hannuna ba ta ilimi kaɗai ba ce, ita za ta ce wane ne zai gani a bana, wane ne zai jira. Na fahimci wannan sarai, ba zan ce ban sani ba. Lokacin ana ta maganar fara shari'a a jihar, don haka aka tsara maza su tambayi maza, mata su tambayi mata. Aka haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya da ta kusa haifata, muna kiranta Hajiya. Ita ke duba ido da tocila, kuma ita ta laƙaba mini Malam Ƙa'ida, don ba na fara komai sai na buɗe littafin umarni.

Yadda ake awon ya burge ni tun farko. Muna da farin allo mai ɗauke da wata alama mai yatsu uku, mutanen ƙauye suna ce mata manjagara. Ta sama babba ce, suna ƙanƙancewa har zuwa ƙasa, kuma kowace ta fuskanci wani gefe daban. Sai a ja igiya mai tsawon mita shida, a tsayar da mutum a ƙarshenta, a rufe masa ido ɗaya, ya nuna da hannu inda yatsun suka fuskanta. Ba sai mutum ya iya karatu ba. Idan bai ga babbar ba a matso da shi, idan har yanzu bai gani ba a sa shi ya ƙirga yatsun hannuna, idan wannan ma ya gagara a gwada ko yana ganin haske. Tambayoyin kuwa na tafiya ne, da gane fuskar mutane, da ganin abinci a kwano, da wanka, da zuwa bayan gida. Kowace amsa ɗaya ce cikin huɗu: babu wahala, akwai kaɗan, akwai da yawa, ko ba ya iyawa sam.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, mutum biyu za su tsaya a layi ɗaya na allon, amma rayuwarsu ba ɗaya ba. Na ga mai ɗinkin hula da ya gane alamomin har tsakiyar allo, amma ya ce shi kam rayuwa ta ƙare masa tunda ba ya iya zura zare. Na ga manomin da bai wuce layi na biyu ba, ya ce shi bai ma san yana da matsala ba sai da muka zo. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta irin waɗannan, ina tambayar kaina: shin ido nawa mutum yake buƙata kafin ya ce yana zaune lafiya? Ina jin wannan son sanin ne ya fara sa na daina ganin mutanen da ke gabana, na koma ganin amsar tambayata.

Wata rana a ƙarshen damina muka isa wata ruga a yankin Kafin Hausa bayan la'asar. Hadari ya haɗu a gabas, direbanmu yana ta cewa idan ruwa ya riske mu a wannan hanyar to sai dai shanu su ja mu. Tafintan da ke bin mu idan za mu shiga rugage ba shi da lafiya ranar, bai zo ba. Wanda ya tare mu wani mutum ne da zai kai shekara arba'in, mai sanyin magana, rediyo rataye a kafaɗarsa. Shi ya kai mu wurin dattijon gidan, wanda zan kira Baffa. Yana zaune a tabarma ƙarƙashin tsamiya, dogo, farin gemu, bayansa a miƙe. Muka gaisa da Hausa. Muka ja igiya. Bai ga babbar alamar ba a mita shida, bai gan ta ba a rabin haka, yatsuna ma sai da na kawo su dab da fuskarsa. Hajiya ta haska tocila ta ce yana ce ta nuna a duka idanun, kuma irin wadda aiki ke gyarawa ce. Daga nan ta shiga wurin mata, ta bar ni da tambayoyina.

Na buɗe takarda na yi tambayar farko. Baffa ya kawar da fuska, sannan ya yi wata gajeriyar magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Mutumin nan mai rediyo ya juya zai tafi. Ni kuwa nan take na yanke cewa Hausar tsohon a gaisuwa ta tsaya, sai na kira mutumin na ce ya dawo ya taimaka mini da fassara. Ya tsaya. Ya ce akwai ƙanin Baffa a rugar gaba, bari ya kira shi. Na dubi hadarin, na ji direba yana danna hon, na ce masa ba mu da lokaci, minti goma ne kawai. Ya sake cewa ba nisa. Na ce ya yi haƙuri dai ya zauna. Bai ƙara musu ba. Ya cire takalmansa, ya tsuguna can nesa da tabarmar, ya ba Baffa gefensa, kansa a ƙasa. Na ce a raina ga ɗa mai ladabi. A wurin da ake rubuta wanda ya yi fassara na sa "ɗan gida". Ban tambaye shi ko shi wane ne a gidan ba.

Zan karanta tambaya mai tsawo, shi kuma ya faɗi kalma huɗu ko biyar, Baffa ya ce "jam tan", wato lafiya lau, tafinta ya ce mini ya ce babu wahala. Haka muka yi a kan tafiya, haka a kan abinci, haka a kan wanka da bayan gida. Gaskiya na lura tsawon maganata da tasa ba su yi daidai ba. Har na tambaye shi ko ya faɗa masa duka, ya ce ya faɗa, bai ɗago kai ba. Na yi tunanin wataƙila Fulatanci harshe ne mai taƙaita magana. Zuciyata ba ta kwanta ba, kuma da a nan abin ya tsaya, ina jin da na rubuta a gefen takardar cewa a sake tambayarsa.

Sai ga shanu sun dawo. Baffa ya miƙe ba wanda ya riƙe shi, ya shiga tsakiyarsu. Yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zo ta sa hanci a hannunsa. Can ya tsaya ya karkata kunne, ya faɗi wani abu, mutumin nan ya je ya ɗaga ƙafar wata saniya ya zare ƙaya. Daga takunta kawai ya gane tana ɗingishi. Na tsaya baki buɗe, na manta da hadari. Mutumin da bai iya ƙirga yatsuna daga nesa ba, ga shi yana yawo cikin ƙahonni kamar mai ido huɗu. Duk shakkata ta tafi. Na cike takardar, babu wahala daga sama har ƙasa. Muna fita na ga wata igiya a ɗaure daga ƙofar bukkarsa ta bi bayan shinge, daidai tsayin ƙugu. Na ɗauka dangwali ce ta ɗaure maruƙa, ko da yake na ɗan yi mamakin ganinta a sama haka.

Da muka koma Dutse na je wa Likita da murnata. Na ce ina ganin, ko da yake ba zan rantse ba, makiyayi ya fi dogara da kunne da hannu fiye da ido, saboda haka makanta ba ta tsayar da rayuwarsa kamar ta ɗan birni. Likita ya ce magana ce mai ban sha'awa, in rubuta ta da kyau. Na yi kwanaki ina jin kaina. Da aka fitar da jerin sunaye, sunan Baffa ya faɗa cikin 'yan zagaye na gaba. Hajiya ce kawai ta yi magana. Ta ce ita tun da take aiki ba ta taɓa ganin mai yana irin wannan da ba ya shan wahala ba, ta tambaye ni ko Malam Ƙa'ida ya tabbata. Na ɗauko takardar na nuna mata babu gurbin da na tsallake. Ta ce ai ba takardar take tambaya ba. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Ƙwararrun suka zo, suka yi aikinsu, suka tafi. Zagaye na gaba aka ɗaga shi, aka sake ɗagawa, ba a sa rana ba. Da bazara Likita ya ce a zaɓi wasu takardu a koma a sake tambayar masu su, don a tabbatar da ingancin aikin. Ni da kaina na roƙa a sa ta Baffa, ba don ina zargin komai ba, sai don ina son ƙarin bayani a rubutuna. Muka isa da hantsi. Rugar shiru, an tafi da shanu kudu neman ciyawa, mutumin nan mai rediyo ma yana cikin waɗanda suka tafi. Matar Baffa ce ta tare mu, zan kira ta Inna. Hausarta ras. Na tambaye ta ina ɗan nan nasu da ya yi mini fassara. Ta ce wane ɗa, ai ba ɗansu ba ne, mijin babbar 'yarsu ne.

Hajiya ta juyo ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Suruki ka sa ya tambaye shi wa ke kai shi bayan gida?"

Ni ma Bahaushe ne, na san kunyar surukai, a gidanmu ma akwai ta. Na kuma sha jin cewa ta Fulani ta fi tamu tsanani, suruki ba ya cin abinci a gabansu, ba ya haɗa ido da su, ba ya zama kusa. Duk na gani a ranar: cire takalmin, da tsugunawa nesa, da juya gefe. Na gani na fassara shi yadda ya yi mini daɗi.

Inna ta kai mu bukkar. Baffa yana zaune, idonsa na dama ɗaure da ƙyalle. Ta ba mu labari a hankali. Bayan girbi wasu tsofaffi na ƙauyen da ke kusa da su sun tafi a mota an riƙe musu hannu, sun dawo da ƙafarsu. Baffa ya ji labari, daga nan duk sanda ya ji ƙarar mota sai ya gyara zama ya nemi hularsa. Da aka ga shiru, surukin ya je kasuwa ya ɗauko ɗaya daga cikin masu yawon nan da ke yi wa ido aiki da allura, su tura yanar ta faɗa ciki. Aka yi wa na dama. Kwana uku yana ganin haske da inuwar mutane, kowa na murna. A na huɗu ciwo ya taso, idon ya kumbura, ya yi ta ruwa. Mai allurar ya ce zai dawo ya yi na hagu, ba a sake ganinsa ba. Hajiya ta kwance ƙyallen ta haska. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta mayar ta ɗaure, ta girgiza mini kai. Na hagun yana nan da yanarsa, ba a taɓa shi ba.

Hajiya da Inna suka fita, aka bar ni da shi. Ina tunanin yadda zan yi ba tafinta, sai ya ce mini "ɗana", ya tambaye ni mutanen Dutse, da Hausar da ta fi tawa kyau. Ya ce ya yi shekara da shekaru yana cin kasuwannin yankin, ta ina zai rasa Hausa. Na tambaye shi me ya sa bai amsa mini da kansa ba a wancan zuwan. Abin da ya ce ban manta ko kalma ɗaya ba:

"Maganar da na yi da Fulatanci, cewa na yi ya je ya duba maruƙa. Har ya juya zai tafi, ka dawo da shi. Tambayoyinka na ji su daga bakinka, shi bai yi mini ko ɗaya ba. Gajiya ya tambaye ni, da sanyin damina, da lafiyar shanu. Ya rufa mini asiri, ni ma na rufa masa."

Na ce masa ai da ya gaya mini surukinsa ne. Ya yi ɗan murmushi ya ce a gabansa zai faɗa? Ya ce kuma baƙo ya zo da motar hukuma ya ce a zauna, wa zai ce masa a'a.

Na sake buɗe sabuwar takarda na yi masa tambayoyin daga farko, ya amsa mini ba ɓoye-ɓoye. Igiyar da na ɗauka dangwali ce, ita yake bi zuwa bayan gida, Inna ce ta ɗaura masa don kada ya riƙa kiranta a gaban yara. Abinci shi kaɗai yake ci a bukka, tun ranar da ya kai hannu ƙasa a gefen ƙwarya mutane na kallo. Kasuwa ya daina zuwa tun da ya wuce malaminsa bai gaishe shi ba, aka zo aka gaya masa. Jana'iza da suna duk ya bari. Shanun kuwa gaskiya ne ya san su da kunne, amma a cikin garke kaɗai, taku goma daga wajen shinge bai san gabas ba. Da muka gama na tambaye shi ko akwai abin da ya fi damunsa wanda ban tambaya ba. Ya ce maruƙan da aka haifa cikin shekara ukun nan bai san launin ko ɗaya ba. Su da launi suke sa wa saniya suna, shi kuwa sai dai Inna ta gaya masa, ya kira sunan da bai ga dalilinsa ba. Wannan babu gurbinsa a takardarmu. Na rubuta shi a baya.

Muka koma Dutse. Zan so in ce ina sauka na wuce ofishin Likita, amma ba haka aka yi ba. Na yi kwana huɗu ina saƙawa ina kwancewa. Na ce ai na bi ƙa'ida, na rubuta cewa ɗan gida ne ya fassara. Na ce ai ba ni na kawo mai allura ba. Na ce wataƙila ko da an sa shi a jerin farko ba lallai gado ya kai kansa ba, ko da yake na san da irin awonsa da amsoshinsa na gaskiya yana cikin na gaba-gaba. Ranar Alhamis Hajiya ta same ni ta ce ta ba ni zuwa Litinin, ko in faɗa ko ta faɗa, domin ido ɗaya ya rage wa bawan Allah kuma masu allura ba su daina zuwa kasuwa ba. Wannan ya tashe ni. Ban jira Litinin ba.

Na ajiye wa Likita takardun biyu a gabansa, tsohuwa da sabuwa, na faɗi komai. Ya karanta, bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi ina jin da na fi samun sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi: takardu nawa ne cikin namu aka cike ta bakin ɗan gida? Muka zauna muka ware su, ba nawa kaɗai ba, har na sauran abokan aiki. Aka koma wa kowane. A wasu babu bambanci, a wasu kuwa an sami irin ta Baffa: wata tsohuwa ta amsa a gaban matar ɗanta, wani ya amsa a gaban ɗansa na fari. Rubutun nan nawa na makiyayi da kunne ban ƙara taɓa shi ba, Likita ma bai sake tambayata ba. Ya nema wa Baffa gado a asibiti ba tare da jiran zagaye na gaba ba.

Aka aika wa surukin, ya baro shanu ya zo, shi ya kawo Baffa da Inna Dutse. Bai shiga ɗakin marasa lafiya ba ko sau ɗaya, yana zaune a gindin dalbejiya a waje. Na je na same shi na ba shi haƙuri. Ya ce shi ne da ba da haƙuri. Ya ce shi a tunaninsa tocilar Hajiya ta riga ta gama magana, tambayoyin nan kamar gaisuwa ce ta ma'aikata, bai san su ne za su sa a ɗauki mutum ko a bar shi ba. Da ya ga an kwashi wasu an bar Baffa sai jikinsa ya ba shi cewa bakinsa ne ya jawo, shi ya sa ya je neman mai allura, yana son ya gyara. A nan na gane kuskurena na biyu. Littafin umarni ya ce a bayyana wa mutane amfanin tambayoyin kafin a fara, ni kuwa saboda hadari na tsallake, ni da ake kira Malam Ƙa'ida.

Washegarin aikin ina wurin aka cire bandejin. Baffa ya buɗe idon a hankali. Ya ɗaga hannunsa ya juya shi gaba da baya, ya daɗe yana kallon Inna har ta kawar da kai ta ja mayafi. Sannan ya juyo da dukan fuskarsa wajena, don ta gefe ɗaya kaɗai yake gani, ya ce, "Ashe yaro ne kai. Da muryar nan na ɗauka wani babban mutum ne." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya yi mini addu'a mai tsawo, bai taɓa ambata idon dama ba, ni ma ban iya ambatarsa ba. Ya rayu shekaru bayan haka, na ji ya koma cin kasuwa da zuwa jana'iza, sai dai kullum yana tafe yana karkata kai.

Har yau ban daina tunanin tambayar nan ba, ta yadda za a auna abin da ido yake yi wa rayuwar mutum. Allon da igiyar ba sa ƙarya, amma abin da suke faɗa kaɗan ne. Sauran yana bakin mai idon, shi kuwa ba a gaban kowa yake buɗe baki ba. Ban ce kunya aibi ba ce. Mutanen nan biyu kowa ya kare mutuncin ɗan'uwansa ne yadda aka koya masa, kuma ban tabbata da ni ne a matsayinsu da na yi daban ba. Wanda ya zo daga waje da takarda da biro, shi ne ya kamata ya san inda ya sa ƙafa.

Don haka ina roƙon matasan da ake turawa ƙauyuka aikin lafiya ko wani bincike, kafin ku buɗe takarda ku tambayi kowa da ke wurin me yake ga mai amsawa. Ku faɗa musu a fili abin da amsar za ta jawo. Idan dattijo ya kawar da kai, kada ku yanke cewa bai ji ba ne. Idan wani ya ce bari ya kira wani, ku bar shi ya kira, ko da ruwa zai dake ku. Idan kuma amsa ta yi muku daɗi fiye da kima, ta yi daidai da abin da kuke son ganowa, to ita ce ta fi cancantar a sake tambaya. 'Yan'uwa masu tsofaffi a gida, don Allah ku ja ma'aikaci gefe ku gaya masa gaskiyar halin da ake ciki, kuma kada jira ya kai ku ga masu allura. Ni na yi tanadin minti goma a ranar nan, Baffa ne ya biya da ido guda, kuma bai taɓa neman in ce masa komai a kai ba. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini.